Jam'iyya ɗaya da doka biyu: yadda aka yi dokar zubar da ciki da ta marasa matsuguni a Birtaniya

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibar shari'a ce. Na karanta cewa dokar da ta ba da damar zubar da ciki a Birtaniya a 1967 ba gwamnati ce ta kawo ta ba, wani matashin ɗan majalisa ne daga ƙaramar jam'iyya, kuma wai jam'iyyar tasa ce daga baya ta kawo dokar sama wa marasa gida matsuguni. Ta yaya mutumin da ba minista ba zai iya wannan? Kuma shin dokokin sun yi abin da masu su suka nufa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki kashi biyu ce: hanyar da ɗan majalisa mara muƙami ke bi har ƙudurinsa ya zama doka, da kuma abin da ke samun dokar bayan ta fita daga hannunsa. Mutumin da kike nufi shi ne David Steel na jam'iyyar Libaral, wanda ya shiga Majalisar Wakilan Birtaniya a zaɓen cike gurbi na 1965 daga mazaɓar Roxburgh, Selkirk da Peebles a kudancin Sikotland. Shekararsa 28 lokacin da ya gabatar da ƙudurin, kuma kujeru 12 kacal jam'iyyarsa ke da su. Dokar matsuguni ta 1977 kuwa abokinsa Stephen Ross ne ya ɗauko ta, a lokacin da Steel ya riga ya zama shugaban jam'iyyar. Bayanin nan na tsarin majalisa ne da kalmomin doka. Hukuncin zubar da ciki a addini na malamai ne, kuma ba shi kika tambaya ba.

Ƙuri'ar sa'a da ranakun Juma'a

A majalisar Birtaniya gwamnati ce ke riƙe da jadawalin zama. Abin da aka bar wa sauran wakilai ɗan kaɗan ne: a tsarin yanzu Juma'a 13 a kowane zangon majalisa, daga ƙarfe tara da rabi na safe zuwa biyu da rabi na rana. A farkon zango ana jefa sunaye a zaro 20. Juma'a bakwai na farko an keɓe su ga karatu na biyu, wato babbar muhawara ta farko kan manufar ƙuduri, saboda haka mutum bakwai na farko ne kawai ke da tabbacin samun yini guda na muhawara. Wanda ya fito na goma sha biyar sai dai ya yi addu'ar kada kowa ya ƙi ƙudurinsa.

A nan ne yawancin ƙudurori ke mutuwa, kuma ba ƙuri'a ke kashe su ba. Ranar Juma'a babu ƙayyadajjen lokacin magana, don haka mutum uku ko huɗu da suka ƙi ƙuduri za su iya karɓa-karɓar dogon jawabi har agogo ya buga biyu da rabi. Mai ƙudurin na iya neman a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a, amma sai mutum 100 aƙalla sun goyi bayan rufewar, alhali Juma'a rana ce da wakilai ke komawa mazaɓunsu. Bayan biyu da rabi kuma, murya ɗaya da ta ce ba ta yarda ba ta isa ta ɗage ƙudurin. Akwai shinge na uku: duk ƙudurin da zai ci kuɗin gwamnati sai minista ya gabatar da izinin kashe kuɗin, wakili ba shi da ikon yin haka. Idan zango ya ƙare ƙudurin bai kammala ba, ya faɗi, sai a sake daga farko.

Steel ya fito na uku a ƙuri'ar 1966. Sa'a ta biyu ita ce an yi babban zaɓe a watan Maris na shekarar, sai zangon ya yi tsawo, daga Afrilu 1966 har Oktoba 1967, kimanin wata goma sha takwas. Ta uku, wadda ta fi duka, ita ce ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Leba, Roy Jenkins, yana son a yi gyaran. A hukumance gwamnatin Harold Wilson ba ta ɗauki ɓangare ba, ta bar kowa ya bi lamirinsa, amma ta ba da masu tsara kalmomin doka, kuma da masu adawa suka cinye lokacin Juma'a sai ta ba da nata lokacin, har aka kwana ana zama. Ba don wannan ba da ƙudurin ya mutu a bazarar 1967. Haka aka yi wa ƙudurin Sydney Silverman na soke hukuncin kisa a 1965.

Abin da Steel ya tarar

Dokar laifuffuka ta 1861, a sashe na 58 da 59, ta haramta jawo ɓarin ciki "ba bisa ƙa'ida ba" a Ingila da Wales, da hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai. Ba ta faɗi lokacin da abin yake bisa ƙa'ida ba. A 1938 wani likitan mata a Landan, Aleck Bourne, ya cire cikin wata yarinya 'yar shekara 14 da sojoji suka yi wa fyaɗe, ya sanar da 'yan sanda da kansa. Kotu ta wanke shi bayan alƙali ya ce ceton ran mace ya haɗa da kare ta daga lalacewar jiki ko hankali. Daga nan aka samu tsari mai fuska biyu: mai kuɗi ta biya likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta takarda a yi mata aiki a asibitin kuɗi, talaka ta je wurin 'yan bayan fage, wasu su ƙare a asibiti da zubar jini ko ruɓewar mahaifa, wasu su mutu. Sai kuma bala'in maganin thalidomide a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, wanda ya sa aka haifi jarirai da nakasar hannu da ƙafa, ya sake tayar da maganar.

Tunda shari'a kike karanta, za ki ga dangantaka da namu littattafan. Sashe na 228 zuwa 230 na kundin laifuffukan kudancin Najeriya jikokin waccan doka ta 1861 ne, kundin Penal Code na arewa kuma a sashe na 232 ya keɓe abin da aka yi da kyakkyawar niyya don ceton ran mace. Gyaran 1967 ya zo bayan samun 'yancin kai, don haka bai shafe mu ba.

Steel bai rubuta ƙudurin shi kaɗai ba. Ƙungiyar neman gyaran dokar, ALRA, wadda aka kafa tun 1936, tana da daftari a hannu, kuma Lord Silkin ya riga ya gwada irinsa a Majalisar Dattawa. Mutanen ƙungiyar irin su Vera Houghton, Diane Munday da Alastair Service su ne suka riƙa ƙirga wakilai, suna tabbatar da cewa mutum ɗarin nan suna nan duk daren da ake buƙatarsu. A ɗaya ɓangaren akwai Norman St John-Stevas da Jill Knight a zauren majalisa, da ƙungiyar SPUC mai adawa da zubar da ciki, wadda aka kafa a farkon 1967. Abin mamaki, Bourne da kansa yana cikin waɗanda suka kafa ta, don yana ganin ƙudurin ya wuce gona da iri.

An yi karatu na biyu ranar 22 ga Yuli 1966, ƙuri'a 223 da 29. Karatu na uku, wato ƙuri'ar ƙarshe a Majalisar Wakilai kafin a kai shi Majalisar Dattawa, a Yuli 1967 ya wuce da 167 da 83. Sarauniya ta sa hannu ranar 27 ga Oktoba 1967, dokar ta fara aiki 27 ga Afrilu 1968, ban da Ailan ta Arewa.

Kalmomin da aka cire da waɗanda aka saka

Nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Duk lokacin da aka ba ni doka in duba, daftarin farko nake fara nema in ajiye kusa da na ƙarshe, domin abin da aka sauya tsakaninsu shi ke nuna wanda aka yi ciniki da shi.

Daftarin Steel na farko yana da dalilai huɗu. Biyu na lafiya ne: haɗari ga uwa, da mummunar nakasa ga jariri. Na uku ya ce idan renon ɗa ko ƙarin ɗa zai fi ƙarfin matar. Na huɗu ya shafi fyaɗe, da yarinyar da ba ta kai 16 ba, da mai taɓin hankali. Ƙungiyar likitocin Birtaniya da kwalejin likitocin mata suka ƙi na uku da na huɗu. Hujjarsu ita ce likita ba alƙali ba ne da zai tantance ko an yi fyaɗe, kuma ba sa son doka ta ba mace haƙƙin da za ta tilasta wa likita. Steel ya san ba zai ci nasara ba idan likitoci suka juya masa baya, sai ya cire su biyun, abin da ya ɓata wa ALRA rai ƙwarai.

A madadinsu aka saka abubuwa uku da a lokacin aka ɗauka ƙanana ne. Na ɗaya, ana duba lafiyar jiki ko ta hankali ta matar "ko ta 'ya'yan da take da su". Na biyu, wajen auna haɗarin likita na iya la'akari da halin zaman da matar ke ciki ko wanda ake hangen za ta shiga, wato cunkoson ɗaki, talauci, miji mai duka, duk sun shigo ta ƙofar lafiya. Na uku ya fito ne daga Majalisar Dattawa. Ana ta jayayya kan ko a ce haɗari "mai tsanani" ko "babba", sai Alƙalin Alƙalai Lord Parker ya kawo mafita: a ce haɗarin ci gaba da cikin ya fi haɗarin cire shi.

Wannan jimla ta uku ita ta sauya komai. A lokacin ana ganin aikin cire ciki yana da haɗari sosai, don haka ma'aunin zai yi tsauri. Amma da aikin ya koma hannun asibitoci, dabaru suka inganta, daga baya magungunan sha suka zo, sai ya zama cire ciki a makonnin farko ya fi haihuwa ƙarancin haɗari a ƙididdiga. Ke nan kusan kowane ƙaramin ciki ya cika sharaɗin. Yau kimanin kashi 98 cikin ɗari na zubar da cikin da ake yi a Ingila da Wales a ƙarƙashin wannan dalili ake rubuta shi, kuma adadin ya haura 250,000 a 2022. Masu goyon baya na cewa dokar ta kawar da mace-macen bayan fage, kuma hakan ya faru. Masu adawa na cewa an yi wa majalisa alkawarin doka mai iyaka ta koma kusan ba iyaka, su ma ba ƙarya suka yi ba. A ganina duk wanda ya ce wakilan 1967 sun hango wannan adadi ya ƙara gishiri.

A aikace dokar ba ta soke laifin 1861 ba, kariya ta bayar idan an cika sharuɗɗa. Likitoci biyu su amince da kyakkyawar niyya su sa hannu a takarda, sai a halin gaggawa inda ɗaya ya isa. A yi aikin a asibitin gwamnati ko wurin da minista ya amince da shi. A sanar da babban jami'in lafiya na ƙasa. Sashe na 4 ya ba ma'aikaci damar ƙin shiga aikin saboda imaninsa, sai dai in rai na cikin haɗari. Kotuna sun taƙaita wannan dama: a shari'ar Janaway ta 1988 aka ce ba ta shafi sakatariyar da ta ƙi buga wasiƙar tura mara lafiya ba, a 2014 kuma Kotun Ƙoli ta ce ba ta shafi wasu ungozoma biyu a Glasgow da aikinsu kula da masu yin aikin ne ba.

Dokar 1967 ba ta faɗi adadin makonni ba. An dogara ne da wata doka ta 1929 da ta ɗauki mako 28 a matsayin lokacin da jariri zai iya rayuwa. Wakilai da dama sun yi ƙoƙarin tsaurara dokar ta hanyar da Steel ya bi, ciki har da John Corrie a 1979 da David Alton da ya nemi mako 18 a 1988, amma lokaci ya cinye su, domin babu gwamnatin da ta ba su nata. Sauyin da ya tabbata ya zo ne a cikin ƙudurin gwamnati a 1990: mako 24, ba tare da iyaka ba idan akwai haɗarin rai, ko mummunan lahani na dindindin, ko babbar nakasa ga jariri. Tun daga nan masu neman sauyi suka gane cewa liƙa gyara a jikin ƙudurin gwamnati ya fi sauƙi, kuma ta haka 'yar majalisa Stella Creasy ta sauya dokar Ailan ta Arewa a 2019.

Dokar matsuguni ta 1977

Kafin 1977, iyalin da suka rasa gida suna ƙarƙashin dokar agaji ta 1948, wadda ta ɗora wa sashen jin daɗin jama'a alhakin ba da masauki na ɗan lokaci. Sashen ba shi da gidaje. Abin da ake yi shi ne a sa uwa da yara a gidan kwana na haɗaka, a hana uba zama, wani lokaci a karɓe yaran a kai su gidan reno. A Nuwamba 1966 BBC ta nuna wasan Cathy Come Home kan irin wannan iyali, makonni kaɗan bayan haka aka ƙaddamar da ƙungiyar Shelter mai tallafa wa marasa gida, kuma Steel ya shugabanci reshenta na Sikotland na wasu shekaru. A 1974 gwamnati ta aika wa ƙananan hukumomi takardar shawara cewa sashen gidaje ya karɓi aikin. Da yawa suka yi biris da ita, tunda shawara ce.

Ross, wakilin tsibirin Wight, ya samu gurbi a ƙuri'ar sa'a, ya ɗauki daftarin da ma'aikatar gwamnati ta riga ta shirya amma ba ta da lokacin gabatarwa. Ana cikin haka gwamnatin James Callaghan ta rasa rinjaye, a Maris 1977 ta ƙulla yarjejeniya da Steel don wakilan Libaral 13 su riƙe ta. Wannan ya ƙara wa ƙudurin nauyi.

Dokar ta ɗora wa sashen gidaje na ƙaramar hukuma wajibcin sama wa mutum matsuguni idan ya tsallake wasu tambayoyi. Shin ba shi da gida, ko zai rasa shi cikin kwana 28? Shin yana cikin masu fifiko, wato mai 'ya'ya ƙanana, mai juna biyu, mai rauni saboda tsufa ko nakasa, ko wanda gobara ko ambaliya ta raba da gida? Shin yana da alaƙa da yankin, ko a tura shi wata hukumar? Sai tambayar da ba ta cikin daftarin farko: shin shi ya jawo wa kansa rashin gidan da gangan?

Ƙungiyoyin ƙananan hukumomi da wasu wakilan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne suka matsa a saka wannan, suna cewa in ba haka ba mutane za su daina biyan haya don su tsallake layin masu jiran gidan gwamnati. Ross ya karɓa domin ƙudurin ya rayu. Kin ga bambancin: sassaucin da Steel ya yi ya faɗaɗa dokarsa fiye da zaton kowa, na Ross kuwa ya ba jami'in gidaje makamin korar mai nema. Matar da bashin haya ya taru mata, ko iyalin da suka bar gida mai danshi kafin kotu ta kore su, sai a ce da gangan ne, a ba su masaukin 'yan makonni a sallame su. Gwauro lafiyayye kuwa tun farko ba ya cikin masu fifiko, shawara kawai yake samu.

Kalmar "masauki" ma ta jawo rigima, domin ba a fayyace ta ba. A shari'ar Puhlhofer ta 1986, mata da miji da yara biyu suna zaune a ɗaki ɗaya a gidan baƙi, babu wurin girki babu wurin wanki, kotu mafi girma ta lokacin ta ce suna da masauki, don haka ba marasa gida ba ne. Sai da majalisa ta gyara dokar a wannan shekarar, ta ce dole ya zama wurin da ya dace mutum ya ci gaba da zama. Sikotland ta bi tata hanyar bayan ta samu majalisarta, wadda Steel ne shugabanta na farko daga 1999 zuwa 2003: dokar 2003 ta tsara soke sharaɗin fifiko gaba ɗaya, aka kammala a ƙarshen 2012.

Babban raunin dokar shi ne ta ba da haƙƙi ba ta gina ko ɗaki ɗaya ba, kuma ƙudurin wakili ba zai iya ginawa ba saboda shingen kuɗin nan. Shekara uku bayan ta, dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da rangwame, ba a kuma maye gurbin yawancinsu ba. Wajibci yana nan, gidajen sauke shi suna raguwa. A 2023 iyalai sama da 100,000 ne ke zaune a masaukin wucin gadi a Ingila, wasu shekara da shekaru.

Hanyar ba ta rufe ba. Ɗan majalisa Bob Blackman ya fito na biyu a ƙuri'ar 2016, dokarsa ta 2017 ta mayar da kwana 28 zuwa 56, ta kuma wajabta wa hukuma taimaka wa kowa ya kauce wa rasa gida ko da ba ya cikin masu fifiko. Ta wuce ne saboda gwamnati ta rungume ta ta ware mata kuɗi. 'Yar majalisa Karen Buck ta kawo ƙudurin tilasta wa masu gidajen haya su tabbatar gidan ya dace da zaman ɗan Adam a 2015, aka cinye lokacinsa da jawabi. Bayan gobarar benen Grenfell ta Yuni 2017, wadda ta kashe mutum 72, ta sake kawo shi, gwamnati ta goya baya, ya zama doka a Disamba 2018. Wajibcin da ta nema daɗaɗɗe ne a littafin doka, amma an rubuta cewa ya shafi gidan da hayarsa ba ta wuce fam 80 a shekara ba a Landan, ko fam 52 a wajenta. Tun 1957 ba a taɓa waɗannan lambobi ba, har aka kai lokacin da kusan babu gidan haya ko ɗaya a ƙasar da sashen ya shafa.